Bakin Tsutsa: Yadda Take Gane Ganyenta a Gonakin Jazira

A bakin kowace tur'a ta ban-ruwa a Jazirar Sudan, tun daga Hasahisa har Sinnar, tumfafiya ba ta ɓuya. Jaki ba ya kallonta, akuya ma sai yunwa ta ci ƙarfinta take ɗan tsinkarta, kuma babu yaron da ba a gargaɗa ba kada nononta ya shiga masa ido. Duk da haka, wanda ya ɗaga ganyenta bayan damina yakan tarar da wata tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya, da siraran ƙahoni shida masu laushi a gadon bayanta, tana ci hankalinta kwance. A ɗauke ta a ɗora a kan ganyen auduga mai kyau da ke taku biyu daga wurin. Za ta zagaya shi, ta taɓa nan ta taɓa can, ta ɗaga kai tana lalube a iska, sannan ta sauka ta kama gabanta. In aka rufe ta da shi a gwangwani, a nan za ta mutu, ganyen na nan yadda yake. A cikin gonar audugar kuwa akwai wata tsutsar da ba ruwanta da wannan zaɓe. Ta ci ƙwallon auduga, ta ci zangarniyar dawa, ta ci gyaɗa da tumatir da kuɓewa da wake, in ta ci karo da ƙaramar 'yar'uwarta ita ma ta haɗiye ta.

Dukansu biyu ba su da idon kirki. 'Yan ɗigon idanu shida da ke kowane gefen kansu, haske da duhu da ɗan abin da ba a rasa ba suke gani. Ƙamshi yakan kusanto da su ga tsiro, amma hukunci na ƙarshe, a ci ko a bari, baki ne ke yanke shi.

Ga Hausawan Sudan wannan ba zancen ɗakin karatu ba ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, har suka kafa garin Maiwurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, a 1906. Mahajjata masu tafiyar ƙasa suka yi ta yada zango a yankin, wasu zangon ya zama gida. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, wanda bayan an ƙara masa yankin Manakil ya kai fadan miliyan 2 da ɗoriya, kaso mai yawa na hannuwan da ke shuka da cire ciyawa da tsinkar auduga na mutanen yamma ne, Hausawa da Fulani da Barebari da 'yan Darfur. Da yawansu ba su mallaki hawasha ba, wato gonar kansu a cikin shirin. A kambo, wato sansanin lebura, suke zaune, suna aikin lada ko noman a raba. Wanda ya fi kowa ganin tsutsa ido da ido a Jazira shi ne wannan lebura, kuma ta kansa jirgin feshi ya riƙa wucewa.

To, mu leƙa bakin. A ƙarƙashin muƙamuƙan da tsutsa ke yanka ganye da su, kowane gefe akwai wata 'yar gaɓa mai motsi. A kanta akwai 'yan tsinkaye biyu gajeru ƙwarai, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, kowanne da rami guda a tsininsa. Cikin kowane tsinke akwai ƙwayoyin jijiya huɗu na ɗanɗano. Tsinke biyu, ƙwaya hurhuɗu, gefe biyu, 16 ke nan. Kusa da su akwai wani ɗan yatsa mai tsinkaye takwas a kansa, wasu na ɗanɗano wasu na shinshina, sannan a cikin leɓen sama akwai wasu 'yan kaɗan. Shi ke nan kayan aikin. Harshen mutum yana da dubban ƙullutun ɗanɗano, amma da waɗannan 'yan ƙwayoyi tsutsa ke rarrabe ganyen da ni da kai ba za mu rarrabe ba ko mun tauna.

An san aikin kowace ƙwaya ne ta hanyar sauraronta. A 1955 wasu masana uku a Amurka suka gano cewa idan aka cika siririn bututun gilashi da ruwan abin da ake son gwadawa, aka kifa shi a kan tsinin gashin ɗanɗano na ƙuda, aka haɗa da waya zuwa na'ura, za a ga bugun saƙon da jijiyar ke aikawa. Louis Schoonhoven na ƙasar Holan da Vincent Dethier na Amurka suka ɗauki dabarar zuwa bakin tsutsa a 1966. Abin da aka yi ta samu tun daga lokacin shi ne rabon aiki. Wata ƙwaya sukari ke tayar da ita, wata gishiri, wata kuma wani sinadari mai suna inositol da ke cikin kusan kowane ganye. Akwai kuma ƙwayar ƙi, wadda abubuwa masu ɗaci iri-iri ke tayarwa. Duk saƙonnin suna haɗuwa a wani ƙullin jijiya da ke ƙarƙashin maƙogwaro, shi ke ba muƙamuƙi umarni. Kuma ba a auna su daidai wa daida. A binciken da aka yi kan tsutsar kabeji, bugu ɗaya daga ƙwayar ƙi yana soke kimanin bugu biyu da rabi na ƙwayoyin da ke cewa a ci. Wato a majalisar bakin tsutsa, mai cewa a'a ya fi nauyin murya.

Sukari da gishiri kowane ganye yana da su, don haka ba za su gaya wa tsutsa ko wane tsiro take kai ba. Wanda ya fara nuna inda alamar take shi ne Eduard Verschaffelt, malamin ilmin tsirrai a Amsterdam, a 1910. Ya lura tsutsar farin malam-buɗe-littafi ba ta cin komai sai kabeji da danginsa da wasu 'yan tsirrai da a ido ba su yi kama da kabeji ba. Abin da ya haɗa su shi ne wani sinadari mai yaji-yaji, irin wanda ke hawa hanci in an tauna jirjir ko fijil. Sai ya shafa ruwan irin waɗannan tsirrai a kan ganyen da tsutsar ke ƙi, har da garin alkama da takarda, ta kuwa hau ci. Wannan dangin sinadari yana cikin zogale da gasaya da anza, wadda Larabawan Sudan ke kira mukhet, wadda talakawa suka sha jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki su ci a shekarun yunwa. Fararen malam-buɗe-littafin da kan taso runduna-runduna a Sahel, a kan anza da danginta tsutsotsinsu ke tashi. Abin sha'awa, da masana suka zo suka binciki ƙwayoyin gadon tsirrai a ƙarshen ƙarnin jiya, sai suka tarar kabeji da zogale da anza da gwanda duk zuriya ɗaya ce babba. Bakin tsutsa ya riga su sani. A 2021 masana a Beijing suka gano ainihin makarɓin da ke kama wannan sinadari a jikin ƙwayar ɗanɗanon tsutsar kabeji.

Me ya sa tsiro zai ajiye sinadarin da ke kiran mai cinsa? Gottfried Fraenkel ya amsa a 1959: ba don kira aka yi shi ba, don kora aka yi. Dubban sinadaran da ke cikin tsirrai waɗanda ba abinci ba ne gare su, kariya ce. Manomi ya san biyu daga ciki da idonsa. Baƙaƙen ɗigon da ke jikin ganyen auduga da karanta da cikin anguriya, 'yan jakunkuna ne na gosifol, kuma saboda shi ne shanu ke iya cin anguriya amma kaji ba sa jure ta da yawa. A shekarun 1950 aka samar da audugar da ba ta da waɗannan ɗigo a Amurka, don a mori ƙwayarta a matsayin abinci, sai ƙwarin da da can ba su dame ta ba suka yi mata caa. Na biyu shi ne gubar ƙaramar dawa da gyauro, wadda ke kayar da saniya cikin ɗan lokaci, musamman in fari ya kama shukar. Fara ma takan ciji ƙaramar dawa ta saki. Sai dai duk katangar da tsiro ya gina, a cikin dogon zamani akan sami wani ƙwaro da jikinsa ya koyi jure ta. Shi kuwa ya sami gonar da babu mai tsere da shi, kuma ɗanɗanon da ke korar kowa ya zama masa shaidar gida.

Tsutsar tumfafiya ta kai abin maƙura. Tun tana ƙarama takan fara ne da gutsura da'ira a jikin ganye, nonon ya tsiyaye ta bakin yankan, sannan ta ci tsakiyar da ta tsane. Gubar da ta shiga cikinta, irin mai tsayar da zuciya ce, amma ba ta kashe ta. Tana ajiye wani abu daga ciki a jikinta, har ya bi ta zuwa lokacin da za ta zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin baki da fararen ɗigo, wanda ke tashi a hankali a fili kamar ba ya tsoron tsuntsu.

Yadda ake ɗanɗanon kansa mataki-mataki ne, kuma an fi ganinsa sarai a tsutsar siliki, wadda ba ta cin komai sai ganyen bishiyar tut. Wasu masana a Tokyo suka bi ta da kyamara a binciken da suka fitar a 2020. Da farko tana shafa ɗan yatsan bakinta a busasshiyar fatar ganye, ba ta ciza ba tukuna. Idan ya ji wasu sinadarai uku a haɗe, ko da ɗan mitsitsi ne, sai ta yi cizon gwaji. Ruwan ganye ya fito ya taɓa tsinkayen nan biyu, in suka ji sukari da inositol yadda ya kamata, kuma babu ɗacin da ya rinjaya, sai ci ya kankama. Kamar mai sayen gyaɗa ne a kasuwar Wad Madani: ta tsoma hannu a buhu, ta fasa guda ta tauna, sannan ta ce a auna. Wanda ya ga ganye da 'yan ƙananan cizo a gefe ba a ci gaba ba, cinikin da ya watse ya gani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk wannan fanni shi ne abin da ke faruwa in aka kashe ƙwayar ƙi. A 1961 Fraenkel da ɗalibinsa Gilbert Waldbauer suka cire wa tsutsar taba ta Amurka gaɓoɓin ɗanɗanon nan na gefen baki. Tsutsar da ba ta cin komai sai taba da tumatir da danginsu ta koma cin ciyayin da ba ta taɓa kusanta ba. A 2019 masana a Shanghai suka yi wanda ya fi wannan tsafta. Ƙwayar gado guda suka lalata a tsutsar siliki, ta makarɓin ɗaci mai lamba 66, sai ga ta tana cin tuffa da masara da waken suya. Ashe ba son tut kaɗai ke tsare ta a kan tut ba. Duk sauran duniya ce ke yi mata ɗaci.

Daga nan mutum zai ɗauka cewa tsutsar ƙwallon auduga, mai cin tsirrai wajen iri 200, dusasshen baki ne da ita. Akasin haka aka samu. Da aka ƙirga ƙwayoyin gadon makarɓan ɗanɗano, tsutsar siliki 76 gare ta, ita kuwa wannan, wadda masana ke kira Helicoverpa armigera, kusan 200, kuma mafi yawansu na ɗaci ne. Mai tsiro ɗaya alama ɗaya take nema. Mai yawo tsakanin auduga da gyaɗa da tumatir dole ta san ɗaci kala-kala, ta rarrabe wanda cikinta zai iya narkarwa da wanda zai kashe ta. Tana da zaɓi kuma. Ganye ba shi ne burinta ba. Fure da toho da 'ya'ya take nema, inda abinci ya fi maiƙo. Da ta ƙyanƙyashe, tsawonta bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, takan ɗan lasa ganyen saman shuka, sannan ta gangara ga ƙunshin fure. Cikin mako biyu zuwa uku ta kai tsawon rabin yatsa, ta huda ƙwallo ta cusa kai ciki, gindinta a waje, kashinta a bakin ramin. Ba ta cinye guda. Ta ɓata wannan ta koma wancan.

Bakin kuma yana koyo. Tibor Jermy na ƙasar Hungari da abokan aikinsa sun nuna a 1968 cewa tsutsa takan fifita tsiron da ta tashi a kansa fiye da sauran da jinsinta ke ci. A tsutsar taba abin ya fi tsanani. Sabuwar ƙyanƙyasa takan karɓi ganye iri-iri, amma in ta yi 'yan kwanaki a kan dangin tumatir, ƙwayoyin ɗanɗanonta sukan daidaita da wani sinadari nasu, wanda Marta del Campo da abokan aikinta suka gano a 2001, daga nan da yawansu sun gwammace yunwa da wani ganye. Koyon yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. Tsutsar da aka tsare a kan abinci mai ɗacin da ba ya cutarwa, bayan kwana ɗaya ko biyu ƙwayar ƙinta takan rage kuka, ta ci. Da babu gara ba daɗi. Wannan batu zai dawo mana in mun zo kan darbejiya.

Akwai kuma uwa. Jaririyar tsutsa ba ta iya doguwar tafiya, don haka rabin zaɓen an yi mata shi tun kafin ta fito. Malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta suna ɗanɗano da ƙafa. Macen takan sauka a ganye ta karce shi da ƙafafun gaba kafin ta ajiye ƙwai. Amma abin da ya yi wa uwa daɗi ba kullum yake raya 'ya ba, kuma a wannan giɓi masanan cibiyar icipe ta Kenya, ƙarƙashin Zeyaur Khan, suka gina dabararsu a shekarun 1990. Ana kewaye gonar masara da ciyawar Napier. Faɗa-wutar tsutsar kara takan fi son zuba ƙwai a kanta, amma da tsutsotsin suka huda karan, wani ruwa mai danƙo ya kama su, kaɗan ne ke kai labari.

Yanzu mu dawo Jazira da wannan a hannu, domin faɗin bakin tsutsa shi ke faɗin maganin da zai ci ta. A farkon shekarun 1930 cututtuka biyu, mai baƙanta reshe da mai naɗe ganye, suka durƙusar da audugar shirin. Hukuma ta kafa doka: da an gama tsinka a tumɓuke itacen auduga har saiwa, a share, a ƙone, gona ta zauna babu auduga har shukar baɗi. Aiki ne mai karya baya a tsakiyar bazara, kuma an san su wa suka fi yinsa. Don cuta aka kafa dokar, amma ta taɓa ƙwari masu ƙunƙuntaccen baki. Jar tsutsar ƙwallo ba ta da abinci sai auduga da danginta irin su kuɓewa da rama. In aka hana ta su na 'yan watanni, aka kuma gasa irin da take ɓuya a ciki da zafi, yawanta ya karye. Babu feshi, babu sayen komai daga waje. Yunwa ce kawai aka sa ta yi aiki.

Ga Helicoverpa wannan doka wasa ce. An ƙone auduga, ta koma lambun tumatir da lubiya da ciyayin bakin tur'a. Da aka gama madatsar Rusairis a 1966 ruwa ya ƙaru, aka rage filin da ake bari ya huta, aka faɗaɗa gyaɗa da dawa da alkama. Ta fuskar abinci da kuɗin shiga shawara ce mai ma'ana. Ta fuskar tsutsa kuwa, an jera mata akushi ne ɗaya bayan ɗaya: gyaɗa da dawa da ake shukawa a Yuni da Yuli su raine ta, ta taso da yawa daidai lokacin da auduga ke fure a Satumba da Oktoba. Ga kuma feshi, wanda aka fara da DDT a tsakiyar shekarun 1940 saboda ɗan koren ƙwaron nan mai tsotson ganye da ake kira jasid, yana ta kashe gizo-gizo da zanzaro da sauran masu cin ƙwanta. Tsutsar da da can ba a lissafa ta sosai ta zama babbar abokiyar gaba a shekarun 1960. Aka ƙara feshi, har aka ba kamfanonin maganin Turai kwangilar filaye sukutum. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ana fesa gona sau takwas zuwa tara a kaka guda, sai farin ƙuda ya ɓarke, darɓarsa ta manne zaren auduga, masaƙun waje suka karya mata farashi, amfanin gona ya faɗi warwas. Garin neman gira aka rasa ido. Shirin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara da masanan cibiyar binciken noma ta Wad Madani a 1979 shi ya ja linzami, ta hanyar jinkirta feshin farko da ɗaga adadin ƙwarin da sai an kai shi ake fesawa. A ganina kuskuren waɗancan shekaru ba na sinadari ba ne kawai. An tsara juyin shuka ana lissafin ruwa da kasuwa, ba a tambayi abin da ƙwaron ke ci daga wata zuwa wata ba, alhali duk matar kambo mai tsinkar tumatir za ta iya faɗa.

Audugar Bt da Sudan ta amince da ita a 2012, irin da aka samo daga Sin, ta bi ta wata hanya. An sa wa shukar ƙwayar gado daga wata ƙwayar cutar ƙasa, tana yin furotin da ke huda hanjin tsutsa. Baki bai san shi ba, don haka ba ya hana cizon farko. Sai ciki ya ɓaci take daina ci. Ta rage ɓarnar tsutsar ƙwallo ƙwarai, amma ba ta taɓa masu tsotso ba, kuma a Indiya jar tsutsa ta riga ta zama ba ta jin ta. Ana cikin haka baƙuwa ta iso. Tsutsar masara ta Amurka, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a farkon 2016, ta shigo Sudan a 2017. An rubuta tsirrai fiye da 350 da take ci, makarɓan ɗanɗanonta sun haura 200, kuma hanjinta yana kwance gubar da ƙaramar masara ke kare kanta da ita. Dawa na cikin abincinta, dawa kuwa ita ce kisra da asida da tuwon gidan kowa daga Jazira har Damazin.

Maganin da ya fuskanci bakin kai tsaye, a Sudan ma an lura da shi a kimiyyance. A 1959 farar ɗango ta sauka, wani masanin ƙwari Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer da ke aiki a ƙasar ya ga ta aske kowace bishiya ta bar darbejiya kore shar. Farar takan sauka a kanta, ta taɓa, ta tashi. Mutanen Indiya, inda bishiyar ta fito, sun daɗe da sanin haka, kamar yadda iyayenmu ke sa ganyenta a rumbu. A 1968 masana biyu a Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin daga ƙwayar 'ya'yanta, aka sa masa suna azadiraktin. Abin da bai kai kaso ɗaya cikin miliyan ba a ruwa ya isa ya hana farar ɗango ci. A bakin tsutsa aiki biyu yake yi lokaci guda, yana tayar da ƙwayar ƙi, yana kuma danne ta sukari. Wadda ta daure ta ci, sai ya hana ta saɓa, ta tsaya ba girma har ta mutu.

Ba na cikin masu cewa darbejiya maganin komai ce. Rana tana kashe ƙarfinta cikin 'yan kwanaki, ba ta kayar da ƙwaro nan take yadda manomi ke son gani, kuma baki yana sabawa. Sai dai a nan akwai wani sakamako da ya kamata a sani. A gwajin da aka yi a Kanada a 1996 kan wata 'yar'uwar tsutsar masara, tsutsotsin sun saba da tataccen azadiraktin cikin 'yan kwanaki, amma ba su saba da ruwan darbejiya mai ɗauke da sauran sinadaransa ba. Ɗaci guda ana iya koyonsa, tarin ɗaci ya fi wuya. Wato abin da ake dakawa a turmi yana da wani fifiko a kan na kwalba.

Yau maganar ta wuce zaɓi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, aka wawushe cibiyar binciken noma har da ma'ajiyar iri, kuma ko da sojoji suka karɓe garin a Janairun 2025, tsarin da ke kawo magani da jirgi bai dawo yadda yake ba. Bishiyar kuwa tana nan a ƙofar gidaje da bakin hanya daga Maiwurno har Singa. Abin da malaman gona suka saba bayarwa shi ne a tara nunannun 'ya'ya, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka ƙwayar, a jiƙa kimanin giram 50 a kowace lita ta ruwa ta kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma in rana ta yi sanyi, a maimaita bayan mako. A masara da dawa, cikin ƙoƙon tsakiya ake zubawa, inda tsutsar ke kwana. A auduga da tumatir kuwa lokacin shi ne komai. Ƙwan Helicoverpa ɗai-ɗai ake ajiye shi a saman shuka, fari ne ƙanƙane da bai kai ƙwayar lansir ba, yakan yi duhu in ya kusa fashewa, kuma kwana uku ya ishe shi a zafin Jazira. Feshin da zai yi amfani shi ne wanda ya riski tsutsar a kwanakinta na farko, tana lasar ganye a fili. Da ta cusa kai cikin ƙwallo, bakinta ya bar wurin da ruwan ya taɓa.